Tsakanin “jiya” da “tun jiya”: Inda Turancin ’ya’yanmu ke yin tuntuɓe

A hutun da ya gabata na je Jahun gaishe da ƙanwata. Bayan sallar La’asar sai ’yarta, wadda ke karatun kiwon lafiya, ta kawo mini littafinta ta ce, “Kawu, don Allah duba mini wannan. An ja mini jan layi, amma ba a ce mini ga dalili ba.” Aikin da aka ba su shi ne su rubuta irin takardar da ma’aikacin lafiya na ƙauye kan haɗa majiyyaci da ita idan zai tura shi babban asibiti. Majiyyaciyar da aka ƙaddara musu mace ce mai ciki wadda jini ya ɓalle wa. Abin da yarinyar ta rubuta shi ne: “She has bled yesterday.”

Na tambaye ta da Hausa, jinin ya tsaya ne ko yana zuba? Ta ce ai yana zuba, tun jiya yake zuba. Na ce mata to ba haka kika rubuta ba. Jimlar nan ba ta zauna ba a Turanci, kuma likitan da ya karanta ta zai ga kalmar “yesterday” ya ɗauka kina nufin “She bled yesterday”, wato jiya ta yi jini, abu ya wuce. Abin da ke bakinki shi ne “She has been bleeding since yesterday.” Matar jimla ta farko ana iya ce mata ta zauna a benci ta jira layi. Matar jimla ta biyu kuwa a guje ake shiga da ita.

Wanda ya san Jahun ya san wannan misali ba shaci-faɗi ba ne. Tun shekarar 2008 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take aiki a Babban Asibitin garin tare da Ma’aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa, a sashen haihuwa da na gyaran yoyon fitsari. Mata kan zo daga Aujara da Harbo da Gunka, daga ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka, har da wasu jihohin. Mace da Hausa ko Fulatanci take faɗin abin da ke damunta, amma da Turanci ake rubuta shi, kuma wannan rubutun ne yake bin ta daga hannu zuwa hannu. Ita kanta jimlar da na buɗe wannan sakin layi da ita darasi ce. Idan aka ce “MSF has worked in Jahun since 2008”, an nuna suna nan har yau. Idan aka ce “MSF worked in Jahun in 2008”, mai karatu zai ɗauka sun zo sun naɗe tabarmarsu.

Dokar a baki ba ta da tsawo. Turanci yana da hanyoyi biyu na ba da labarin abin da ya riga ya auku. Akwai wadda ake juya fi’ili kawai, kamar “came” da “saw” da “finished”. Akwai kuma wadda ake gabatar da “have” ko “has”, wadda masu nahawunsu ke kira “present perfect”. Ita wannan ta biyun ba ta zama inuwa ɗaya da kalmar lokacin da ya rufe, irin su “yesterday” da “last year” da “in 2022” da “three days ago”. Abokan tafiyarta su ne kalmomin lokacin da bai yanke da yanzu ba: “since” da “for” da “already” da “yet” da “ever” da “never” da “just” da “so far”.

Mutumin bakin kogi ba zai sha wahalar gane wannan ba. Idan damina ta ja baya, ruwan kogin Hadejia ya koma cikin hanyarsa, yakan bar tafkuna iri biyu a fadama. Akwai wanda ya yanke, ƙasa ta shiga tsakaninsa da kogi. Akwai wanda har yanzu bakinsa yana haɗe da kogin, kifi na shiga yana fita. Jiya da shekaranjiya da bara tafkuna ne da suka yanke. Yau da bana da “tun” kuwa bakinsu na haɗe da ruwan da muke tsaye a cikinsa. Manomin shinkafa zai ce “We have harvested forty bags this year”, domin bana ba ta ƙare ba, amma dole ya ce “We harvested forty bags last year”, domin bara ta yanke.

To me ya sa abu mai sauƙi haka yake kayar da ɗalibanmu tun daga ƙaramar sakandare har jami’a? Amsar tana cikin Hausa, kuma a nan ne nake ganin mu malamai mun yi sakaci.

A aji mukan kira “na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun” da sunan shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya. Sunan yana da amfani, sai dai yana ɓoye wani abu. Masana irin su Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, da Philip Jaggar a nasa na 2001, sun bayyana cewa abin da wannan siffa ke nunawa shi ne kammaluwar aiki, ba lallai sai shuɗewar zamani ba. Kowa ya saurari bakinsa zai gaskata su. Baƙo yana tsaye a ƙofar zaure, ƙafarsa ba ta motsa ba, yakan ce “To, na tafi.” Mukan ce “idan ka zo gobe”, ga “ka zo” ga kuma gobe. Mukan ce “na gaji”, “na ƙoshi”, “na sani”, alhali gajiyar da ƙoshin da sanin duk na yanzu ne. Wato Hausa ta bar wa “jiya” da “gobe” da “ɗazu” aikin nuna lokaci, ita kuma siffar tana nan yadda take. “Na zo” daidai ne, “na zo jiya” ma daidai ne.

Yaron da aka koya wa a aji ɗaya cewa “na zo” shi ne “I have come” ya riga ya ɗaura wa kansa igiya. Ranar da ya so ya ce “na zo jiya”, abin da hankali zai ba shi shi ne ya ɗauko “I have come” ya liƙa masa “yesterday”. Lissafinsa bai karkace ba, harshen ne ya zo da sharaɗin da ba a gaya masa ba. Daga nan ake samun jimlar da kowane mai duba takardun neman aiki ya gaji da gani: “I have finished my secondary school in 2021.” Daga nan ake samun ɗalibin tarihi da zai rubuta cewa “The British have conquered Hadejia in 1906”, alhali yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa ya haura shekara ɗari da yankewa.

Kada kowa ya ɗauka wannan alamar daƙiƙanci ce. Ɗan’uwansa da ke Maraɗi ko Damagaram, wanda ke karatu da Faransanci, ba ya cin karo da wannan dutse, saboda Faransanci ya yarda a ce “Je suis venu hier”, siffa mai kama da ta “have” a haɗe da jiya. Jamusanci ma ya yarda. Turanci ne ya fita zakka, har wani masanin harshe Bajamushe, Wolfgang Klein, ya rubuta maƙala a 1992 yana kiran al’amarin da sunan wuyar warwarewa. Abin da ya sa farfesoshin Turai tsayawa tunani, bai kamata a zane yaron Gunka a kansa ba tare da an yi masa bayani ba.

Wannan kuskure na farko ke nan, sa “have” inda ba a nemansa. Na biyun kishiyarsa ne, barinsa inda ya wajaba. Bahaushe idan abu ya fara a baya yana kuma ci gaba, lokaci mai ci yake ɗaukowa: “Ina nan tun jiya.” “Muna jiran taki tun watan Mayu.” Yaro ya juya su kai tsaye: “I am here since yesterday.” Bafaranshe ma haka zai ce a nasa harshen, kamar Bahaushe sak. Bature kuwa sai “I have been here since yesterday.” Ka ga ashe yaro ɗaya, a takarda ɗaya, yana iya sa “have” a layin da ba a so, ya kuma cire shi a layin da ake so. Malamin da ya ce masa kawai “ka riƙa kula da lokutanka” bai ba shi komai ba.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne kalmar “tun”. Mun saba cewa “tun” ita ce “since”, mu wuce. Gaskiyar ita ce “tun” ta fi “since” faɗin gida. Bahaushe yana sa ta a kan abin da ke ci gaba, kamar “tun jiya yake zuba”, yana kuma sa ta a kan abin da ya auku sau ɗaya ya ƙare, don ya nuna an jima: “Tun bara ya rasu.” “Tun safe motar ta tashi.” “Na gama tun ɗazu.” Ita “since” ba ta ɗaukar wannan kaya na biyu. Wanda ya ce “He has died since last year” bai faɗi abin da yake nufi ba, domin mutuwa ba a ta yin ta tun bara. Ko dai ya ce “He died last year”, ko kuma ya sauya fi’ilin zuwa halin da ya ɗore, ya ce “He has been dead since last year.” Haka “tun jiya suka zo”: ko “They came yesterday”, ko “They have been here since yesterday.” Tambayar da ɗalibi zai yi wa kansa ita ce, abin da ke bayan “tun” ɗin nan har yanzu ana yin sa, ko kuwa sau ɗaya aka yi? Ban taɓa ganin littafin Turancin sakandare da ya yi wa yaro wannan tambaya ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda littafi ɗaya ake rubuta wa mai jin Hausa da mai jin Ibo da mai jin Tibi.

Akwai kuma “na yi shekara uku a Hadejia”. Wannan jimla fuska biyu gare ta. Tana iya fitowa daga bakin wanda ya bar garin tuntuni, tana iya fitowa daga bakin wanda yake cikinsa. Turanci ba ya barin mutum ya tsaya a tsakiya. “I lived in Hadejia for three years” ya tashi, “I have lived in Hadejia for three years” yana nan. Abin daɗi shi ne Hausa ma tana da hanyar rarrabewa idan ta so: “Shekarata uku ke nan a Hadejia.” Wannan “ke nan” ɗin ita ce “have”. Malamin da ya rubuta wa hukuma “I taught for five years” alhali yana bakin aiki, ya sallami kansa da alƙalaminsa. Masarautar Dutse, wadda Jahun ke ƙarƙashinta, ta isa misali a allo. Marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, Allah Ya jiƙansa, ya hau gado a 1995 ya rasu a watan Janairun 2023, saboda haka “he reigned” za a ce. Mai Martaba Sarki Hameem Nuhu Sanusi, Allah Ya ja zamaninsa, “has reigned since 2023”. Yaron da ya musanya su ya yi ɓaram-ɓaramar da ba zai taɓa yin irinta da Hausa ba.

Ko a batun ambaliya, wadda ita ce fargabar kowace damina a wannan kwari, bambancin nan kuɗi ne da abinci. Mutanen bakin kogi ba su manta da 2022 ba, shekarar da ruwa ya ci gonaki da gidaje daga yankin Ringim har Hadejia. A ce matasan wani ƙauye sun zauna rubuta wa hukumar agajin gaggawa takarda. Idan suka ce “Our farms were under water for two weeks”, jami’in da ke Dutse ya karanta labarin ruwan da ya janye, sai ya sa takardar cikin na masu neman diyya. Idan suka ce “Our farms have been under water for two weeks”, ya san ruwan yana kwance a daidai lokacin da yake karatun.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kusan duk kalmomin da ke tafiya da “have” Hausa tana da takwarorinsu, a shirye, a bakin kowane yaro. “Ka taɓa zuwa Nguru?” ita ce “Have you ever been to Nguru?” “Ban taɓa ba” ita ce “never”. “Na riga na biya” ita ce “already”. “Bai zo ba tukuna” ita ce “yet”. “Yanzun nan ya fita” ita ce “just”. Yaron da ya san bambancin “na je Kano” da “na taɓa zuwa Kano” ya riga ya san rabin darasin. Kuma shi da kansa ba zai ce “na taɓa zuwa Kano jiya” ba sai ya ji wani abu ya tokare masa harshe. Wannan tokarewar ita ce Bature ke ji idan aka ce masa “I have been to Kano yesterday.”

Har ila yau akwai wata dabara da na gwada a aji ta yi mini aiki. Hausa ma takan sauya siffa idan aka fito da lokaci gaba. Mukan ce “sun zo”, amma “jiya suka zo”, “yaushe suka zo?” Ba mai cewa “yaushe sun zo”. Sai in ce wa ɗalibai, duk inda kuka ji bakinku ya koma “suka” ko “aka” saboda kun ambaci takamaiman lokacin da ya wuce, to ku ajiye “have”. Shi ya sa ake cewa “When did they come?” Dabarar ba ta rufe ko’ina ba, “tun” takan kuɓuce mata kamar yadda muka gani, amma tana tsayar da yaro ya yi tunani kafin alƙalami ya riga shi.

Na san akwai masu cewa a bar wahalar da kai, Turancin Najeriya ma Turanci ne, kowa ya ji “I have finished since” ya gane. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya da dama, har da Kannywood da okada. Amurkawa ma sun sassauta dokar ta wani gefe, sukan ce “Did you eat yet?” inda mutumin Ingila zai ce “Have you eaten yet?”, yaranmu kuma suna jin wannan a finafinai da YouTube. Sai dai ko Ba’amurke ba ya cewa “I have come yesterday.” Sannan mai duba takardar WAEC ko NECO ba ya duba ta da Turancin tasha. Jan layi yake ja, ya rage maki, kuma ba a shiga jami’a, ko ta Dutse ko ta Kafin Hausa, ba tare da kiredit a Turanci ba. Ɗan mai hali da ya tashi a gidan da ake Turanci yana tsintar dokar nan da kunne ba tare da ya san sunanta ba. Ɗan manomin Harbo kuwa sai an koya masa, kuma ba a koya wa mutum abin da bai sani ba sai ta hanyar abin da ya sani.

A nan ne batun ya taɓa siyasar ilimi. Tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin Buhari, ta bakin Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu, ta ce za a yi haka har ƙarshen firamare. A watan Nuwamban 2025 Minista Dokta Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari, aka koma Turanci tun daga tushe. Ba wannan muhawara na zo yi yau ba. Abin da nake tsoro shi ne a fassara sanarwar a ƙauye da cewa Hausa ta haramta a aji, a dawo da zamanin da mu muka yi, lokacin da akan ci tarar yaro ko a sa shi noman filin makaranta don ya yi “banakula”. Ko da da Turanci za a koyar da komai, malamin Turanci a Jahun yana buƙatar minti biyar na Hausa don ya rubuta “jiya” a gefe ɗaya na allo, “tun jiya” a ɗaya gefen. Da ɗan gari akan ci gari. Kwalejojin horar da malamai, irin ta Gumel, suna da sashen Hausa da sashen Turanci a harabar gida ɗaya. Ina ganin wanda zai koyar da Turanci a ƙasar Hausa bai kamata ya karɓi takardar shaida ba sai ya zauna darasi guda da ake jera nahawun harsunan biyu kafaɗa da kafaɗa. Ƙaramin littafi mai shafi talatin, da misalan fadama da kasuwa da asibiti, ba zai gagari Ma’aikatar Ilimi ta jiha ba.

’Yar ƙanwata dai ta gyara takardarta. Da ta gama sai ta ce, “To Kawu, ‘ɗazu’ fa? Kuma idan yau da safe ne aka ba ta magani?” Na ce mata “ɗazu” ta yanke, ko da minti goma ne, tunda “ago” ce: “She took it an hour ago.” Amma “this morning” sai an dubi agogo. Idan hantsi ne, safiyar ba ta ƙare ba, ana iya cewa “She has taken it this morning.” Idan an yi Azahar, safiya ta zama tafkin da ya yanke, sai “She took it this morning.” Ta ɗaga kai ta dubi rana, wadda ta riga ta faɗa bayan katangar maƙwabta, ta soke “has taken” ta rubuta “took”, sannan ta ƙara ƙarfe nawa ne a gefe, wai don kada likita ya tsaya tambaya.